Yadda Ake Tsayar da Gida a Kwamfuta Kafin a Sayi Buhun Siminti: Jagora ga Masu Zane a Damagaram

Wanda ya sayi fili a sabbin unguwannin bayan gari ba ya cika gamsuwa da zanen layi-layi a takarda. So yake ya ga gidan a tsaye, da ƙofarsa da fentinsa, ya tura wa ƙaninsa da ke Agadas ko Kano ta WhatsApp. Shi ya sa matasa da dama a Damagaram suka duƙufa koyon zanen gida a kwamfuta. Sai dai yawancin hotunan da ke yawo ba gidajen ƙasar nan ba ne: ciyawa shar har bakin titi, gilashi tun daga ƙasa har sama yana kallon yamma, sama shuɗiya fes babu ko ɗigon ƙura. Hoton ya burge, amma bai gaya wa maigida komai ba game da ɗakin da zai kwana a ciki a watan Afrilu. A nan za mu gina siffar gidan da manhajar SketchUp, mu gwada ta da ranar Damagaram, sannan mu fitar da hoto da Twinmotion ko Blender. Misalinmu gidan iyali ne mai ɗaki uku da falo, a fili mai mita 20 a kan 20.

Kayan aiki

SketchUp ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfutar hannu ma tana ɗaukarsa. Amma ka sayi linzami (mouse) mai ƙaramar taya a tsakiya, don da ita ake juya gini da matsowa kusa. Wajen fitar da hoto ne ƙarfin na'ura ke nunawa. Twinmotion na kamfanin Epic Games yana da sauri da sauƙin koyo, sai dai ba ya tafiya sai da katin hoto mai ƙarfi, irin na NVIDIA, haka ma Lumion da D5 Render. In kwamfutarka ba ta da shi, kar ka wahalar da kanka, ka koma Blender. Kyauta ne, ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke shi, kuma injinsa mai suna Cycles yana iya aiki da ƙwaƙwalwar kwamfuta kaɗai, illa dai zai ɗauki lokaci.

Mataki na farko: je filin

Kar ka dogara da takardar fili kaɗai. Ka ɗauki tef ka auna gefe huɗu, ka kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. In tsallaken biyu ba su zo daidai ba, filin ba murabba'i ba ne, kuma gara ka sani tun yanzu. A fili mai 20 a kan 20 da ya daidaita, kowane tsallake zai ba ka mita 28 da santimita 28. Ka duba arewa da kamfas ɗin wayarka, ka rubuta gefen da titi yake, tsayin katangar maƙwabta, da inda ruwa ke bi in an yi ruwan sama. Garin nan a kan dutse yake, ko'ina ka duba a Birni ga manyan duwatsu a tsakanin gidaje. In akwai dutse a filin, ka auna shi ka sa shi a zanen, don fasa shi kuɗi ne, wani lokaci kuma ya fi kyau a bar shi a tsakar gida.

Sai zama da masu gidan, kuma ba maigida kaɗai ba. Uwargida ce ta san inda ya kamata madafa ta kasance, inda za a yi shanya, da ko za a riƙa girki da itace a waje. Ka tambaya: baƙi maza za su tsaya a zaure ne ko akwai falon maigida mai ƙofarsa daban? Ana kiwon tumaki? Ana kwana a saman rufi lokacin zafi? Akwai niyyar ɗora bene nan gaba? Amsoshin nan su ne ainihin zanen.

Mataki na biyu: saita fayil

A SketchUp, buɗe Model Info, ka sa awo a mita ko santimita. Ni santimita na fi so, saboda da ita magina ke magana. Ga wani abu da ke rikita masu koyo a nan Nijar: in kwamfutarka a kan tsarin Faransanci take, waƙafi shi ne ke raba mita da ɓurɓushinta, saboda haka in awonka yana kan mita, za ka zana ɗaki mai mita 4 a kan 3 da rabi, sai ka buga 4;3,5. A kwamfutar da ke kan tsarin Ingilishi kuwa 4,3.5 za ka buga. Wanda bai san wannan ba sai ya ga ɗakin ya fito wani iri, ya ɗauka manhajar ce ta lalace.

A cikin Model Info ɗin dai, ka shiga Geo-location ka sa wurin da hannu, ba sai da intanet ba: digiri 13.8 arewa, digiri 9 gabas. A allon inuwa ka tabbatar agogo yana kan UTC+1. Koren layin nan da ke tsakiyar allo shi ne arewa, don haka ka juya filinka ya dace da abin da kamfas ya nuna maka. In ka tsallake wannan, duk inuwar da za ka gani daga baya ta wani gari ce.

In kana da zanen takarda, ɗauke shi hoto ka shigo da shi. Ka ɗauki kayan awo, wato harafin T, ka auna bango ɗaya da ka san tsayinsa, ka buga ainihin tsayin, manhajar za ta tambaye ka ko ta daidaita girman komai, ka amsa eh.

Mataki na uku: daɓe da bango

Zana filin da harafin R, ka mayar da shi rukuni (Make Group) nan take. Wannan ita ce dokar SketchUp da ba a karyawa: duk abin da ba a rukunta ba yana manne wa maƙwabcinsa kamar danƙo, ka ja bango sai daɓe ya biyo shi. Fili rukuninsa daban, katanga daban, bango daban, rufi daban, kuma kowanne ka ba shi Tag ɗinsa don ka iya ɓoye rufi ka leƙa ciki.

Ɗaga daɓen gidan santimita 45 zuwa 60 sama da tsakar gida. Ruwan Damagaram ba shi da yawa a shekara, amma a Yuli da Agusta yakan zubo lokaci guda, kuma titin da ba kwalta yana ƙara tudu a hankali har gida ya koma rami.

Zana layin wajen ginin, ka yi amfani da F ka shigo da shi ciki gwargwadon kaurin bango, sannan ka ja shi sama da P. Bulon da ake bugawa a nan tsayinsa santimita 40 ne, tashinsa 20, kaurinsa 15 ko 20. Bulo mai 15 in an yi masa shafe ciki da waje yakan kai 18, don haka kar ka zana bango siriri sannan magini ya zo ya cinye maka faɗin ɗaki. In ginin ƙasa ne, ka ba bangon 40 ko fiye. Tsayin ɗaki kuwa kada ya gaza mita 3, in da hali 3.20, don zafi ya samu inda zai taru sama da kan mutane, fanka kuma ta samu wurin juyawa.

Wajen jera ɗakuna, ka tsaya a bakin ƙofar gida a cikin siffar, ka kalli ciki da idon baƙo. In daga titi ana hango tsakar gida, zanen bai yi ba. Hikimar zaure ke nan tun da: ƙofar shiga da ta fita ba sa kallon juna. Ko gidan zamani ne mai ƙofar mota, ɗan guntun bango a gaban ƙaramar ƙofa yana yin wannan aikin.

Banɗaki ma akwai lissafinsa. Daga Damagaram alƙibla tana wajen digiri 71 in ka auna daga arewa zuwa gabas, wato gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Ka ja layin jagora a wannan kusurwa ka bar shi a fayil ɗin, ka zaunar da masai yadda mai amfani da shi ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba. Abu ne na minti biyu a kwamfuta, amma bayan an binne bututu sai an fasa daɓe.

Mataki na huɗu: ƙofa, taga, rufi

Ƙofar ɗaki 90 a kan 210, ta banɗaki 70 ko 80, taga 120 a kan 120, samansu duka a layi ɗaya. Zana taga guda ka mayar da ita Component, ka kwafa ta da M tare da danna Ctrl. Ranar da maigida ya ce a canja fasalin ƙarfen, guda ɗaya za ka gyara sauran su bi. Ka zana irin wadda maƙeran garin ke haɗawa, ta ƙarfe mai fale-falen da iska ke ratsawa, da ragar sauro. Kar ka ɗauko tagar Turai daga 3D Warehouse, rumbun siffofin SketchUp na intanet, wadda ba mai iya ƙera ta a nan, ga ta da nauyin da zai sa fayil ya riƙa tsayawa.

In rufin kankare ne, ka ba shi ɗan gangare na santimita 2 a kowace mita zuwa wajen indararo, kuma ka zana indararon ya fito sosai daga bango. In za a riƙa kwana a sama, bangon kewayen rufi ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye, saboda yara da kuma idon maƙwabta. Matakala: in daga daɓe zuwa saman rufi mita 3.40 ne, taki 20 ke nan masu tashin santimita 17, faɗin kowanne 28.

Ka sa tankin ruwa tun yanzu. Kowa ya san yadda ruwan famfo yake a garin nan, babu gidan da zai zauna ba tanki, kuma lita 1,000 tan guda ce a kan rufi, dole injiniya ya san inda za ta zauna. Haka faifan sola, suna kallon kudu da ɗan jingine na wajen digiri 15. Hoton da aka ɓoye waɗannan don ya yi kyau, gidan da za a gina ba zai yi kama da shi ba.

Mataki na biyar: gwajin rana

Nan ne kwamfuta ta fi takarda nesa ba kusa ba, kuma nan ne yawancin masu zane ke wucewa da gudu. Kunna inuwa, ka riƙa jan ranar wata da agogo kana kallo.

A inda muke, rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, da tsakar rana tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma tana kudu. A ƙarshen Disamba ta fi yin ƙasa, tashinta da tsakar rana digiri 53 ne kawai. Ma'anar wannan ita ce bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa. Don inuwa ta rufe mita ɗaya na bangon kudu a tsakar ranar Disamba, rumfar da ta fito santimita 75 ta isa. Taga mai tashin 120 ke nan tana buƙatar 90 in rumfar tana daidai samanta.

Yanzu koma bangon yamma, ka sa 15 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma. Rana ta sauko zuwa wajen digiri 23, tana shiga taga kai tsaye, kuma don ka kare wannan tagar mai 120 sai rumfa ta fito kusan mita 3. Bangon da ya sha wannan rana shi ne ke mayar da zafin cikin ɗaki har tsakar dare. Don haka doguwar fuskar gida ta kalli kudu ko arewa, a gefen yamma kuma a jera abin da ba a kwana a ciki: banɗaki, ɗakin ajiya, matakala, garejin mota. In titi a yamma yake kuma ba makawa, baranda mai zurfi ko bulo mai huji ko dogon yaro biyu su tare.

Akwai mai gidan da zai dage sai an yi masa babban gilashi a falo yana kallon titi, don ya gani a wani gida a Yamai. Gardama ba ta da amfani. Ka juyo masa da kwamfutar ka ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ga falon nan bayan la'asar a watan Afrilu," ka ja agogon a hankali ya ga hasken yana tafiya a kan kujeru har ya kai bangon ciki. Gani ya kori ji.

Gabas ma a kula da ita. Hadarin damina daga can yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas na gidajen ƙasa ya fi saurin zaizayewa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Tagogin wannan gefe su zama ƙanana masu rufuwa ruf.

Ka ajiye kowane gwaji a matsayin Scene, wato kallon da za ka iya komawa gare shi, da sunan wata da lokaci.

Mataki na shida: adon fuska

Damagaram ta riƙe babban birnin Nijar har 1926, amma adon gininta ya girmi zuwan Turawa. Wanda ya zaga Birni da Zango, ya tsaya gaban fadar Sarkin Damagaram, ya ga zankwaye a saman bango da zanen da aka tayar a jikin shafe kewaye da ƙofar zaure, wani da fenti kala-kala, wani da launin ƙasa kawai. Duk wannan yana zanuwa a SketchUp. Zanko: zana rabin siffarsa a gefe, ka ja kaurinsa da P, ka tausasa gefunan don kada ya yi kaifi irin na kankare. Zanen dagi ko na da'ira: ɗauki hoton na gaske daga gaba sak, bayan ka nemi izinin masu gida, ka shigo da shi, ka bi layinsa da kayan zana lanƙwasa (Arc), ka tayar da shi santimita 3 zuwa 5. Ƙasa da haka inuwa ba za ta kama shi a hoto ba.

Ra'ayina a nan, a taƙaita shi a ƙofar shiga kamar yadda magabata suka yi. Gidan bulo da aka lulluɓe da dagi ta ko'ina ya fi kama da otal.

Mataki na bakwai: launi da fatar kaya

Kafin fenti, ka sa kallon Monochrome. Duk fuskar da ta fito shuɗi-shuɗi a juye take, ka danna dama ka zaɓi Reverse Faces, in ba haka ba a manhajar fitar da hoto za ta iya ɓacewa ko ta yi baƙi. Ka kuma tabbatar babu fuska biyu a kan juna, don suna sa hoto ya yi dabbare-dabbare.

Kowane abu ka ba shi launinsa da suna: shafen waje, shafen ciki, tayil, ƙarfe, gilashi, yashi. Hotunan fatar kaya, wato hoton jikin tayil ko shafe da ake shimfiɗa wa siffar, ana samunsu kyauta a shafukan Poly Haven da ambientCG, amma jan shafen ƙasa irin namu gara ka ɗauka da wayarka, a inuwa, kana fuskantar bangon sak. Abin da ke tona asirin sabon hannu shi ne girma: in hoton tayil yana da huɗu a jere kuma kowanne santimita 40 ne, faɗin hoton 160 ne, ka buga haka. Kada ka sa fari tas a bangon waje. Bayan hunturu ɗaya ba fari ba ne, kuma a hoto yana ƙona ido. Ruwan ƙasa, ruwan madara da ja-ja su suka fi jure ƙura.

Tsakar gida yashi ne ko daɓe ko bulon shimfiɗa. Itatuwa kuwa dogon yaro, dabino, mangwaro, lemu, zogale a bayan madafa. In ka sa gawo, ka tuna shi da rani yake ganye, da damina ya kaɗe.

Mataki na takwas: fitar da hoto

Share tarkacen da ba a amfani da su ta Purge Unused, sannan ka fita. Twinmotion yana buɗe fayil ɗin SketchUp kai tsaye. Blender kuma sai ka fitar masa da FBX ko OBJ, in ya shigo ka auna ƙofa ɗaya ka tabbatar tana nan a mita 2.10.

Haske guda biyu ne, rana da sama. Ka sake sa wuri da arewa yadda suke a SketchUp. Faɗin rana a sama kusan rabin digiri ne, shi ke ba da inuwa mai kaifi ta bazara. Don hoton hunturu, a Blender ka ƙara wannan kusurwa zuwa digiri 5 ko 10, ka ƙara ƙura a Sky Texture, inuwa za ta yi laushi, sama ta yi fari-fari. A Twinmotion ma'aunin hazo ne ke yin wannan. Fuskar gida ta fi fitowa da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da zanen bango. Da tsakar rana komai shafewa yake.

Kyamara ta tsaya a tsayin idon mutum, wajen mita 1.60, da gilashin milimita 28 zuwa 35 a waje, 24 a cikin ɗaki. In ka faɗaɗa fiye da haka ɗaki mai mita 4 zai yi kama da zauren taro, ranar da aka gina kuma maigida ya ce an rage masa. Kyamarar ta kalli gaba sak don bangaye su tsaya a miƙe. In saman ginin bai shiga ba, ka ɗaga da ma'aunin Shift Y da ke saitin kyamarar Blender maimakon ka ɗaga kanta.

Gwaji a ƙaramin girma, kashi 25 ko 50 cikin ɗari, har sai haske ya zauna. Na ƙarshe 1920 a kan 1080 ya isa waya da takarda A4. A Cycles, samfur (Samples) 128 zuwa 256 tare da kunna Denoise mai share ɗige-ɗigen hoto sun wadatar a waje, cikin ɗaki ya fi ci. Saboda ɗaukewar wuta ga dabara: a Blender, F12 da ke fitar da hoto ba ya ajiye shi da kansa, amma in ka ɗaura kowace kyamara a firam ɗinta ka fitar da su a matsayin Animation zuwa PNG, duk wanda ya gama yana faɗawa cikin jaka nan take, in wuta ta tafi ɗaya kawai ka rasa. Ka yi wannan aiki da dare ko da asuba, ka ɗaga bayan kwamfutar iska ta ratsa, ka kuma riƙa busa ƙurar fankarta, don in ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Miƙa aiki

Hoto biyar ko shida sun isa: fuskar titi, abin da baƙo ke gani daga ƙofa, tsakar gida da la'asar, falo, da kallon sama an cire rufi, wanda shi iyali suka fi ganewa. Ka haɗa da hotunan gwajin rana guda biyu, na Afrilu da na Disamba. A WhatsApp ka tura su a matsayin takarda, don in ka tura a matsayin hoto zai matse su su dushe.

Ka gaya wa maigida a fili cewa wannan hoto ba shi magini zai riƙe ba. Zurfin tushe, yawan ƙarfe a ginshiƙi da kaurin kankaren rufi aikin injiniya ne, takardar izinin gini kuma a ma'aikatar magajin gari ake nemanta da cikakken zane mai awo. In injiniyan ya ƙara ginshiƙi ko ya matsar da bango, ka koma fayil ɗin ka gyara, ka sake fitar da hotunan da abin ya shafa kafin a fara haƙa tushe.